Dodon da ke ƙarƙashin ɗakina

Ban cika kwana goma a Amurka ba ranar da na fara ganin sa. Na dawo daga masallaci bayan isha'i, na biya kanti na sayo ƙwai da burodi, na buɗe ƙofar baya ta gidan da nake haya ina laluben makunnin fitila. Fitila na kamawa sai ga wani abu tsaye a bakin matakalar da ke gangarawa ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Jiki na mutum, fuska ba ta mutum ba. Hanci zaƙo-zaƙo ya fi tsawon tafin hannuna, baki kuwa an zuge shi da zif. Leda ta suɓuce, ƙwai suka tarwatse a ƙasa. Ban san sanda na kama Ayatul Kursiyyu da ƙarfi ba, ina haɗa farko da ƙarshe. Sai abin ya ɗaga hannu ya kama hancin ya ja sama, fuskar yaro ta bayyana, gumi sharkaf, kunnuwa sun yi jajur don kunya.

"Yi haƙuri, yallaɓai. Na zaci Mama ce."

Watan Agustan 2001 ke nan, a garin Ames na jihar Iowa. Daga Samaru ta Zariya na tafi, karatun inganta irin masara ya kai ni. Wanda duk ya karanci noma ya san Iowa: babu jihar da ta kai ta noman masara a Amurka, kuma ɗanta ne Norman Borlaug, masanin inganta iri, wanda malamanmu ba sa gajiya da ambaton sa. Abin da ba a gaya mini ba shi ne ita ce kuma kan gaba wajen kiwon alade, har aladun jihar sun ninka mutanenta ninkin ba ninkin. Ba a kuma gaya mini cewa a babban birninta, Des Moines, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga inda nake, akwai waɗansu samari tara masu rufe fuska, mawaƙan wata ƙungiya mai suna Slipknot, da suka riga suka haukata 'ya'yan mutane a duniya ba.

Mai gidan mace ce da ta doshi hamsin, tana aikin dare a gidan kula da tsofaffi. Mama nake ce mata. Da fari ta yi dariya, daga baya ta saba. Yaron shi ne autanta, shekararsa 16. Da manoma ne. A shekarun 1980 kuɗin ruwan banki ya yi tashin gwauron zabo, farashin gona ya faɗi warwas, manoman Iowa da dama suka rasa gonakin da suka gada kaka da kakanni. Tasu na ciki. Mijinta ya dawo gari ya kama kwalba, wata rana ya sa kai ya fita bai dawo ba. Duk wannan daga baya na ji. A makon farko abin da na sani kawai shi ne ɗakina yana saman na yaron, kuma daga ƙarfe huɗu na yamma daɓen ɗakin kan kama rawa.

Ban san yadda zan kwatanta kiɗan da yake sakawa ga wanda bai taɓa ji ba. Ka ɗauki injin niƙa da janareto da maƙera goma, ka kulle su a ɗaki ɗaya, sannan ka sa wani ƙato ya riƙa kururuwa a kansu kamar ana yanka shi. A ƙarshen watan nan ne, ranar 28 ga Agusta, ƙungiyar samarin nan ta saki sabon faifanta, ta kuma raɗa masa sunan jihar, Iowa. Yaro ya sayo shi ran da ya fito. Ni da ban sa kwabona ba, sai da na haddace shi ta cikin daɓe.

Da na sami Inna ta wayar gidan maƙwabcinmu na ba ta labari, ba ta bari na kai ƙarshe ba. "Kai ɗan nan, ka tashi daga gidan nan. Ban aike ka ƙasar mutane ka je ka kwana da 'yan borinsu ba." Ni ma abin da ke raina ke nan. Na riga na yanke wa yaron hukunci: ɗan shaiɗan ne, uwarsa ta kasa shi, kuma ƙarshen wata ina karɓar kuɗin tallafina zan nemi wani ɗaki. In muka haɗu a kicin, gaisuwar fatar baki nake yi masa in wuce.

Sai ranar Talata, 11 ga Satumba, ranar da aka kai wa Amurka hari da jiragen sama.

Ina ɗakin rainon tsirrai ina auna tsayin masara wani ya leƙo ya ce mu zo mu kalli talabijin. Ba sai na maimaita abin da muka gani ba. Zan faɗi gaskiya don Allah: yawancin mutanen garin sun kyauta mana. Malamin da ke duba aikina ya kira ni ofis ya ce duk abin da ya taso in sanar da shi, ko tsakar dare ne. Amma gari ba ya rasa ɓata-gari. Kwana uku bayan abin, ina tsaye a matsayar bas da hulata ƙube da 'yar kaftanina, wata mota ta rage gudu, aka zuge gilas, aka watso mini kofin lemo da ƙanƙara, aka haɗa da zagin da ba zan rubuta ba. Na koma gida na tuɓe kaftanin na ninke, na sa hular a ƙasan akwati. Ko da na sa wando da shat, ai fuska da gemu ba su ciruwa. Sai na lura yadda wasu ke kallo na a kanti, kallon nan na wanda ya riga ya gama sanin ko kai wane ne tun kafin ka buɗe baki. Na san kallon sarai, domin da shi na yi wata guda ina kallon ɗan mutane a kicin.

Ranar Litinin da ta biyo, na sauko daga bas wajen ƙarfe bakwai na yamma, sai na tarar da yaron zaune a kan bencin matsayar, shi da abokansa biyu, duk cikin baƙaƙen riguna masu hoton dodannin nan. Ya miƙe ya ce gida za shi, mu tafi tare. Tafiyar minti goma ce, ba wanda ya ce uffan. Washegari ma haka. Jibi ma haka. Ran nan aka yi ruwa, na same shi shi kaɗai ya rakuɓe, ya ja hular rigarsa ya rufe kai. Na ce masa me yake yi a nan kullum. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Mama ce ta ce in riƙa jiran ka."

Mako uku cur yana yi. Da na je yi wa Mama godiya, sai ta ajiye kofin shayinta ta zuba mini ido. Ta ce ita ba ta aike shi ba, ba ta ma san yana yi ba, ta ɗauka yawon banzansa yake tafiya.

Ban tashi daga gidan ba. Shekara huɗu na yi a ciki.

Na rasa da me zan saka masa, sai na ga takardar sakamakonsa a kan firij, lissafi da kimiyyar sinadarai duk ja. Na ce in yana so in riƙa duba masa darasi. Haka na fara sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasar nan da nake karanta addu'a in zan gifta ƙofarsa. Na koya masa ya riƙa ce mini Malam. Mun yi yarjejeniya: awa guda na lissafi ba kiɗa, in an gama ya ba ni labarin mutanensa. A nan na koyi tarihin Slipknot, ba don ina so ba, sai don shi ne yaren da yaron ke iya buɗe baki da shi.

Sunan ma kansa na nufin ƙullin zarge, irin wanda in ka ja yake ƙara shaƙewa. A 1995 suka kafu a Des Moines. Shawn Crahan, mai aikin walda, da Paul Gray mai kaɗa jitar nan mai kaurin amo, da wani mawaƙi Anders Colsefni, su ne tushe, sannan Joey Jordison ya shigo da gangunansa. Joey ɗan tsurut ne, yana aikin dare a gidan mai, kuma a nan cikin daren suke zama su ƙulla yadda abin zai kasance. Shawn ne ya fara zuwa wajen gwaji sanye da fuskar wawan wasa, irin mai jan hanci da ke ba yaran Turawa dariya, shi ya sa har yau Clown ake kiran sa. Sauran suka bi sahu. A ranar 31 ga Oktoban 1996, daren da Amurkawa ke shigar dodanni, suka fitar da faifansu na gwaji, kwafi kusan 1,000 kacal. A 1997 suka ɗauko Corey Taylor daga wata ƙungiyar garin mai suna Stone Sour ya zama babban mawaƙi. Kamfanin Roadrunner ya ɗauke su a 1998, suka tafi Kalifoniya wajen wani mai haɗa sauti, Ross Robinson, faifansu na farko na sosai ya fito a watan Yunin 1999.

A nan yaron kan gyara zama, don ya zo wurin da yake so. A wannan bazarar aka sa su cikin ayarin Ozzfest, yawon wasa gari-gari na wani shahararren mawaƙi, Ozzy Osbourne, a ƙaramin dandamali, da rana tsaka, lokacin da ba kowa ke kula ba. Kafin a gama yawon sun zama abin magana a ko'ina, kuma kafin 2000 ta ƙare faifan ya haura kwafi miliyan ɗaya a Amurka. Ya kuma ƙara mini da cewa wannan Ozzy ɗin, a Des Moines ɗin nan ne ya gatsa kan jemage a kan dandamali a 1982. Ya faɗa da alfahari, kamar yadda Bazazzagi zai gaya maka labarin Sarauniya Amina. Na ce masa lallai garinku ya sha gani.

Akwai babban hotonsu a bango, ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Su tara ne, kowa da lambarsa daga 0 zuwa 8, duk cikin riga-da-wando a haɗe irin ta kanikawa, da lambar nan mai layi-layi da ake mannawa kayan kanti. Lamba 0 Sid Wilson ne, mai murza faifai, fuskarsa abin kariya daga hayaƙi mai guba. Lamba 1 Joey, da farar fuskar wasan kwaikwayon Jafanawa. Lamba 2 Paul, da fuskar alade; na ce a'uzubillahi, yaro ya ce to Malam, ai Iowa muke. Lamba 3 Chris Fehn mai dogon hanci, wanda kwaikwayon fuskarsa ya ja mini asarar ƙwai. Lamba 4 da 7, Jim Root da Mick Thomson, su ne masu jita. Lamba 5 Craig Jones, kansa duk ƙusoshi kamar bushiya. Clown ne 6, Corey 8. Duk sabon faifai sai kowa ya sake fuska. Masoyansu kuwa tsutsotsi suke kiran su, su kuma suna murna da sunan.

Na tambaye shi, to wai don me? Mutum Allah ya yi masa fuska, ya je ya rufe ta da ta alade? Ya ce su dai abin da suke faɗa, a garin da ba wanda ya taɓa ɗaukar su a bakin komai, sun so a saurari kiɗan a bar kallon wanda ke yi. Lambobin kuma habaici ne ga kamfanoni masu mai da mutum haja. Sai ya yi shiru, yana murza fensir. Can ya ce shi kam in ya sa tasa, ba wanda ke ganin ɗan mashayin nan da ya gudu.

Wannan maganar ta daɗe tana yi mini yawo a ka. Shi Corey ɗin da yake wa kallon gwarzo, ai labarinsu kusan ɗaya: ya tashi ba uba, ya faɗa shaye-shaye tun yana ɗan yaro, kakarsa ce ta riƙe shi a Des Moines. Bai ɓoye wannan ba, ya sha faɗa a bainar jama'a. Yara irin na gidanmu, 'ya'yan gonakin da banki ya ƙwace da garuruwan da masana'antu suka rufe, sun ji wani yana ihun da su ba su da bakin yi.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban taɓa son kiɗan nan ba, har gobe. Kalmomin waƙoƙinsu cike suke da ashar da baƙin rai, akwai zane-zanen da suke amfani da su waɗanda Musulmi ba zai yi na'am da su ba, kuma a farkon tashensu sun yi ƙazanta a kan dandamali da ba ta faɗuwa a gaban manya. Na gaya wa yaron haka ƙiri-ƙiri, ya ce ya ji. Shi ma ya gaya mini cewa karatun da nake sakawa da asuba yana hana shi barci, amma ba ya so in kashe. Muka zauna a haka. Da azumi ya zo, ba tare da na roƙa ba, in ya ga rana ta kusa faɗuwa sai in ji daɓe ya yi tsit. Wata Asabar ma shi ya tuƙa ni a motar Mama har Cedar Rapids, don ya ji cewa akwai wani ɗan masallaci can da aka gina tun 1934, wanda ake ce wa uwar masallatan Amurka. Na shiga na yi nafila, shi yana waje jingine da mota da rigar dodanninsa.

Shekaru suka yi ta tafiya. Ya gama sakandare da ƙyar, amma ya ci lissafi. Ni na kawo iyalina, na koma wani gida, na gama digiri, na sami aiki a wani kamfanin iri a gefen Des Moines. Su kuwa mutanensa sai gaba suke yi. Faifan Iowa ya hau na ɗaya a Birtaniya. A 2004 suka yi wani da mai haɗa sauti Rick Rubin, har da waƙoƙi masu sanyi, wanda ya sa yaron ya yi mako yana ƙorafin sun yi laushi. A 2006 suka ci Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka. A 2008 suka dawo gida suka naɗi faifai a wani ɗan ƙauyen Iowa mai suna Jamaica, ba ta su masu rege ba, kuma shi ne na farko da ya kai su na ɗaya a Amurka. Duk wani ci gaba sai ya kira ni ya sanar da ni, kamar 'yan uwansa ne suka sami ƙarin girma.

A farkon 2009, tsakiyar hunturu, suka zo wasa Des Moines. Ya sayo tikiti biyu da kuɗin guminsa, lokacin yana aikin rufin gidaje. Maiɗakina ta ce, "Malam, da girmanka?" Na ce bashin benci nake biya. Na cusa auduga a kunne, na yi isha'ina, muka tafi.

Abin da na gani ya fi abin da nake ji ta daɓe. Makaɗa uku ne, Joey a tsakiya, biyu a gefe. Clown yana jibgar wata tukunyar giya ta ƙarfe da kulki, gangunansa suna ɗagawa sama da shi. Shi kuwa Joey, dandamalinsa gaba ɗaya ya tashi, ya karkace, yana juyawa da shi ɗaure a kujera, hannuwansa da ƙafafunsa ba su kuskure bugu ko ɗaya ba. Na tashi a gidan da ke kusa da 'yan tauri, na san yadda kiɗa ke shiga jikin mutum ya fitar da shi hayyacinsa, kuma ko makaho ya ji bugun yaron nan ya san gwani ne. A tsakiyar fili samari na ta bangazar juna kamar raguna, amma na lura da wani abu: duk wanda ya faɗi, nan take hannuwa huɗu biyar za su cafe shi su tsayar. Can wajen ƙarshe Corey ya ce kowa ya tsuguna. Dubban mutane suka durƙushe, wuri ya yi kamar an share. Ya ja musu rai, ya ja, sannan ya ba da alama, suka zabura sama a tare har ginin ya girgiza. Ni kaɗai na rage a tsaye tun farko, kamar dogarin da ya ɓata hanya. Na waiga na ga yaron yana dariya, hawaye na zuba. Ban taɓa ganin sa cikin farin ciki haka ba, ban kuma san a lokacin da ƙwaya a aljihunsa ba.

Watanni kafin nan ya faɗo daga kan rufi ya bugu a baya. Aka rubuta masa maganin kashe ciwo mai ƙarfi, dangin ofiyom. Ciwo ya warke, magani bai sake shi ba. Da takardar likita ta ƙare ya koma saye a bayan fage. Ya rame, ya bar aiki, ya fara ɗaukar kayan Mama yana sayarwa. Ya zo wurina rance sau biyu na ba shi, na uku na hana, ya zage ni a ƙofar gidana gaban 'ya'yana. Na yi fushi ƙwarai. Na ce wa maiɗakina ai dama ƙarshen masu bin dodanni ke nan. Ta dube ni ta ce, "Dodannin ne suka rubuta masa maganin?" Na rasa amsa. Duk da haka wata biyar ban neme shi ba, kuma wannan yana cikin abubuwan da nake neman gafarar Allah a kansu.

Ranar Litinin, 24 ga Mayun 2010, ina ofis labari ya bazu cewa an tsinci gawar Paul Gray a ɗakin wani otal a Urbandale, 'yan mintoci daga inda nake zaune. Shekararsa 38, matarsa na da ciki na fari. Daga baya binciken likitoci ya nuna morfin da fentanil, magungunan kashe ciwo masu ƙarfi, ne suka yi masa yawa, ga kuma ciwon zuciya. Washegari sauran takwas ɗin suka zauna gaban 'yan jarida, ba fuskar roba, ba kayan kanikawa. An riga an san fuskokin wasunsu, don Corey da Jim sun daɗe suna wasa a Stone Sour a buɗe, amma ganin su jere haka a matsayin Slipknot wani abu ne daban. Ƙarti masu gemu da zane a jiki, murya na rawa, wani ya fara magana ya kasa ƙarasawa. Na tsaya gaban talabijin ina neman dodo a cikinsu ban gani ba. Zaman makoki ne irin wanda na sani a kowane zaure.

Da daddare waya ta yi ƙara. Na ɗauka, shiru, sai numfashi. Can ya ce, "Malam, abin da ya kashe shi, irinsa ne a hannuna yanzu."

Na ce kana ina? Ya faɗa. Na ce kada ka motsa. Na same shi a mota a bayan wani kanti da ya rufe, ya haɗa kai da sitiyari. Na zauna kusa da shi har gari ya waye, ba wa'azi, ba faɗa, don ban ga abin da zan ce ba wanda bai riga ya gaya wa kansa ba. Da safe ni da Mama muka kai shi cibiyar masu barin shaye-shaye. A bakin ƙofa ya buɗe jakarsa ya ciro fuskar nan mai dogon hanci, roba duk ta tsattsage, ya miƙo mini. Ya ce in ajiye masa, ba a shiga da ita.

Bai warke a tashi ɗaya ba. Ya fito, ya koma, ya sake fitowa. Lokacin da na tattara na dawo gida a 2011 yana da wata bakwai bai taɓa komai ba. Na kai masa ajiyarsa, ya ce in tafi da ita Najeriya, ta ga duniya. A shekarar ce ƙungiyar ta koma wasa, suka riƙa kafa kayan Paul da fuskarsa a kan dandamali, a inda ya saba tsayawa, wanda ke kaɗa jitar a madadinsa kuma yana ɓoye a bayan fage. Ya turo mini hoton, bai rubuta komai a ƙasa ba.

Da na dawo na tarar da namu yaran da kwalaben maganin tari a bayan makarantu da kangwaye, har sai da gwamnati ta hana kodin a 2018. Ba su taɓa jin sunan Slipknot ba. Wani ɗan yayata ya faɗa ciki, dangi suka taru ana cewa a kai shi gidan mari. Ni da a da zan fi kowa ɗaga murya, sai na ce a ba ni shi. Ya yi shekara biyu a gidana. Wannan wani labarin ne.

Ragowar tarihin ta WhatsApp nake samun sa. An raba gari da Joey a ƙarshen 2013, sai a 2016 ya bayyana cewa wata cutar laka ce ta kama shi har ƙafafunsa suka daina aiki. A 2014 suka fitar da faifan da suka sa wa sunan Paul don tunawa da shi. Mai dogon hanci ya fita a 2019 bayan rigimar kuɗi da ta kai su kotu. Ashe su ma ba su tsira daga abin da suke wa habaici ba. A watan Yulin 2021 Joey ya rasu yana da shekara 46. Yanzu wani ɗan Birazil ne, Eloy Casagrande, ke zaune a kan gangunan. Shi kuwa yaron Mama ya zama magidanci, yana gyaran na'urorin ɗumama gida, da 'ya'ya mata biyu. Mama ta rasu. Har yau Malam yake ce mini, kuma duk ranar sallah shi ke riga 'yan uwana na jini turo gaisuwa.

Azumin da ya wuce, ranar goma ga wata, na dawo daga tarawi na tura ƙofar zaure, sai ga dogon hanci tsaye cikin duhu, ɗan gajere, da tsohuwar babbar rigata tana jan ƙasa da gwangwani a hannu. Gabana ya faɗi kamar wancan daren. Autana ne, ya buɗe akwatin da na hana a taɓa, wai tashe za su fita shi da abokansa, kuma a duk unguwar ba wanda ke da irin wannan. Na tsaya ina kallon sa. Na gyara masa zif ɗin bakin don ya samu ya yi numfashi, na ce kada ya wuce layin masallaci, kada kuma ya shiga gidan Hajiya Babba da ita, tana da hawan jini. Kafin ya fita na ɗauke shi hoto na tura Iowa. Can rana ba ta faɗi ba tukuna. Ba a yi minti biyu ba amsa ta shigo: "Malam, ƙwai nawa aka fasa?"